Ganga da Lasifika: Wa Ya Kamata Ya Ci Gasa?

Wani dare cikin kaka, raɓa na sauka, na halarci wata ƙaramar gasar kiɗa a Birnin Ƙonni, irin wadda ake yi don a tace waɗanda za su wakilci gunduma a Tawa. Rukuni biyu suka rage. Na farko dattawa huɗu ne da yaro ɗaya daga wani ƙauye na ƙasar Illela: ganga biyu, kalangu, algaita, sai ɗan kurkutu a wuyan yaron. Kafin su shiga fili sai da suka kara gangunansu a bakin wuta, don raɓa ta sa fata ta saki. Na biyu samari ne daga wajen Malbaza, da piyano da jita da kalangu guda da aka ɗaura wa makirfo, ga lasifika biyu kowace ta kai tsawon mutum. Samarin suka ci. Dattawan suka rataya gangunansu suka fita, ba wanda ya ce uffan.

Gardamar da ta ɓarke a kan benci ta fi gasar daɗewa. Wani tsoho da ke kusa da ni ya ce, "An ba na'ura kyauta, an bar mutane." Wani saurayi ya waiwayo ya ce, "Baba, ai mutum ne ya danna ta." Tun daga ranar nake juya maganganun nan biyu, kuma har yau ban ga wanda zan ce ya yi ƙarya a cikinsu ba.

Fili uku, kiɗa uku

Kafin a shiga gardamar, ya kamata a san inda kiɗan ganga da busa yake zaune a wannan yanki. Wuri na farko fada ce. Illela mazaunin Sarkin Adar ce, gidan da ke danganta kansa da Agabba ɗan Sarkin Agadas, Ƙonni kuma tsohon birni ne mai sarautarsa tun kafin sojojin Faransa na Bule da Shanuwan su ƙone shi a 1899. A irin waɗannan fadoji tambari da kakaki da algaita kayan sarauta ne. Ba a buga tambari don nishaɗi, ba a busa wa talaka kakaki, komai dukiyarsa.

Wuri na biyu filin kokowa ne. A Tawa aka fara gasar kokowa ta ƙasar Nijar a 1975, wadda yau ake kira ta Takobi, inda jihohi takwas ke kawo ƴan kokowa goma-goma. Duk wanda ya taɓa zama a filin Hamidin Mai Dare ya san rabin kokowa a hannun makaɗa take. Sai an kaɗa wa ɗan kokowa takensa tsuminsa ke tashi, ya fito yana kirari.

Wuri na uku shi ne dandalin gasa, mai teburin alƙalai da agogo da maki. Wannan ya yi ƙarfi ne a zamanin mulkin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, lokacin da ƙungiyoyin Samariya ke fafatawa a waƙa da rawa da wasan kwaikwayo tun daga ƙauye har zuwa bikin matasa na ƙasa. A shekarun 1980 kuma aka kafa gasar Ɗan Gurmu, wadda Tawa ta sha karɓar baƙuncinta. A nan ne abin ya fi ɗaure kai: gasa ce ta kiɗan zamani, amma sunan makaɗin gargajiya aka sa mata. Gardamarmu ta dandalin nan ce, sai dai abin da aka yanke a kansa yana malala har fada da filin kokowa.

Hujjar masu riƙon gado

Babbar hujjarsu ita ce ganga magana take yi. Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, kalangu kuwa an yi shi ne don ya bi wannan hawa da sauka. Makaɗi na matse tsarkiya a hammata murya ta hau, ya sassauta ta sauka, har mai kunne ya tsinci sunan mutum da na ubansa da kirarin gidansu ba tare da an buɗe baki ba. Mahauta na da takensu, maƙera na da nasu, manoma na da nasu, kowane basarake da nasa. Kakaki da muryoyi biyu kacal yake kiran sarauta, kuma duk gari ya gane. Suka ce piyano na iya kwaikwayon amon kalangu, amma amo ne kurma, ba ya kiran kowa. In alƙalai suka ba shi maki daidai da kalangun gaske, sun nuna wa yara cewa amon ne abin nema, maganar kuwa ko oho.

Hujja ta biyu ta shafi lokaci. Makaɗin kokowa idonsa na kan ƙafar ɗan wasa. In ya ga an kama ƙugu sai ya tsananta, in ya ga an saki sai ya lafa. Mai gangar noma haka yake bin hauyar ƴan gayya. Kiɗan da aka ɗura a na'ura kuwa gudunsa ɗaya daga farko har ƙarshe, mutum ne zai bi shi. Suka ce wannan juyin ba ƙarami ba ne: dā kiɗa ke yi wa mutum hidima, yanzu mutum ke tsoron kada ya kuskure wa na'ura. Har algaita ma in an haɗa ta da piyano sai an tanƙwara ta, domin muryoyinta ba sa faɗawa daidai kan matakan da Turawa suka yanka wa piyano. Kullum algaitar ake cewa ta gyara, ba a taɓa ce wa piyanon ya matsa ba.

Ta uku maganar abinci ce. Rukunin makaɗa na ciyar da gidaje da yawa: mai ganga, mai kalangu, ƴan amshi, sanƙira, bayansu kuma ga masassaƙin da ya fafe icce da majemin da ya gyara fata. Saurayi ɗaya da piyano da janareta ya ɗauke aikin mutum shida a gidan biki. Uban da ya ga sana'a ba ta ciyarwa ba zai hana ɗansa tafiya gonar albasa a Galmi, ko neman aiki a masana'antar siminti ta Malbaza, ko cin rani a Najeriya ba. Busa algaita kuwa, da numfashin nan da ba ya yankewa, ana shaƙa ta hanci ana fitarwa daga kumatu, ba a koyonta a wata uku. In aka tsallake tsara ɗaya, shi ke nan.

Suna da misali a hannu. Biram, kayan kiɗan masuntan Buduma na tafkin Cadi mai tsarkiya biyar, saura ƙiris ya ɓace, sai da Malam Maman Barka ya tafi ya zauna wurin Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwanin ƙarshe, ya koya. Maman Barka ya rasu a 2018. Suka ce ba kowane kayan kiɗa ne Allah zai kawo wa mai ceto a ƙurarren lokaci ba.

Daga ƙarshe suna kukan rashin adalci. Gasar da lasifika ke yanke hukunci a cikinta gasar masu kuɗi ce. Rukunin da ke gari, kusa da wutar lantarki da mai hayar kayan sauti, ya riga ya sha gaban na ƙauyukan Tajaye ko Dogerawa tun ba a fara ba.

Hujjar masu son sauyi

Waɗannan da tarihi suke fara kare kansu, kuma tarihin na ba su gaskiya fiye da yadda dattawa ke so. Tarihin Kano ya lissafa kakaki cikin sababbin abubuwan da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su. Ke nan abin da yau ake rantsuwa da shi a matsayin tushen gargajiya, wata rana baƙo ne. Kalangu kiɗan mahauta ne da na ƴanmata a dandali, Mamman Shata ya ɗauke shi ya waƙe sarakuna da attajirai da direbobi da shi har ya rasu a 1999. Kuntigin da Ɗan Maraya Jos ya zagaya duniya da shi, irinsa da gwangwanin kifi ake yi. Suka ce a nuna musu shekarar da aka rufe ƙofa, aka ce daga yau ba sabon abu.

Na biyu, fili ya sauya. Dandalin ƙauye mutum ɗari ne ko ɗari biyu, ganga na isar kowa. Filin kokowa na yau dubbai yake ɗauka, ga kuma miliyoyin da ke bi ta rediyo da Tele Sahel da wayoyin hannu. Lokacin da Tawa ta karɓi bikin ranar Jamhuriya na 18 ga Disamba a 2017, wanda aka yi wa laƙabi da Tawa Sakola, wace algaita ce za ta cika wannan taro da ƙarfin huhu kaɗai? In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Kuma da ba don na'urar ɗaukar murya ba, da yau ba mai jin Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ko Ma'azu Ɗan Alalo, ko shi kansa Ɗan Gurmu. Na'urar da ake zagi ita ta adana kakannin da ake kuka da sunansu.

Hujjarsu ta uku ita ce mai ɗaci. Kiɗa a ƙasar Hausa gado ne, gadon kuma ƙofa biyu ya rufe. Wanda ba ɗan gidan makaɗa ba, in ya ɗauki ganga an ce ya zubar da mutuncin gidansu. Ɗan gidan makaɗa kuwa, komai gwanintarsa, maroƙi ake ce masa, in ya je neman aure a wani gidan sai an tuna masa. Mutanen da ke kukan ganga za ta mutu, da yawansu ba za su yarda ɗansu ya rataya ta ba. Jita da piyano ba su da wannan tabo. Su suka ba ɗan malam da ɗan bafade da ƴa mace damar shiga kiɗa ana kiransu masu fasaha. Suka ce in ganga na son magada, sai ta yarda ta zauna kusa da kayan da samari ba sa jin kunyar ɗauka.

Su ma suna da nasu misalin. Gasar Ɗan Gurmu da cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai sun fito da tsarar mawaƙa irin su Sa'adu Bori da Musa Pusi. Rukunin Mamar Kasai na Yakuba Mumuni, da aka kafa a 1995, ya haɗa sarewa da molo da kalangu da jitar lantarki, ya kai su manyan dandamalin Turai. A can ba wanda ya ce kalangu ya mutu. Mutanen da ba su taɓa jin sunan Nijar ba a nan suka fara ganinsa.

Madubi daga nesa

Ba mu kaɗai ke wannan gardama ba. A Amurka akwai rukunonin matasa masu gasar badujala da begila, suna maci suna kiɗa a filin ƙwallo. Asalinsu ƙungiyoyin tsofaffin sojoji ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da coci-coci da unguwanni, kusan kowane gari da nasa. A 1972 aka yi gasar farko ta ƙungiyar Drum Corps International a jihar Wiskonsin, daga nan dokoki suka riƙa sassautawa. A 2000 aka halatta ƙahonin da ba irin tsohuwar begilarsu ba. A 2004 aka yarda da makirfo da lasifika, a 2009 aka shigo da kayan kiɗan lantarki, a 2014 aka ƙara wasu ƙahonin da dā haramun ne. Kowane mataki sai da tsofaffin ƴan wasa suka ce an kashe abin, har wasunsu suka kafa rukunoninsu na tsofaffi don su ci gaba da busa begilar da suka sani.

Sakamakon ya ba kowane ɓangare abin riƙewa. Gwanintar waɗanda ke haɗuwa a wasan ƙarshe a Indiyanapolis yau ta wuce ta dā nesa ba kusa ba. Amma rukunonin da dā ake ƙirga su ɗaruruwa sun koma ƴan gommai, kuma shiga ɗaya daga cikin manyan sai an biya dubban daloli. Ba lasifika kaɗai ta jawo haka ba, tsadar yawon gasa da janyewar masu ɗaukar nauyi sun taka rawa. Darasin da ya shafe mu dai shi ne: abin da takardar alƙalai ta ba maki shi ke rayuwa, abin da ta manta kuwa a hankali yake bushewa, ko da ba wanda ya hana shi.

A kan sikeli

Raunin masu riƙon gado a fili yake. Dandalin da suke so a tsare musu, da agogonsa da makinsa, shi kansa baƙo ne, bai girmi Samariya da yawa ba. Gasar makaɗan dā a gaban sarki ake yin ta ko a gidan biki, alƙalinta kuwa mai kyauta ne, wanda ya fi motsa zuciya shi ke tafiya da riga ko doki. Sannan ba daidai ba ne mutum ya ƙi koya wa ɗan maƙwabci take don ba jininsa ba ne, ya dawo yana kukan ba magaji. Wani ɓangare na laifin da ake ɗora wa piyano, a zauren makaɗa da na masu raina su aka aikata shi.

Masu son sauyi kuma sun yi wa tarihi karatun gaggawa. Gaskiya ne kakaki baƙo ne, amma da ya zo sai ya koyi Hausa. Ya shiga layin tambari da algaita, ya ƙara mutum ɗaya a rukuni, ya ɗauki take. Kalangun Shata ma da ya bar mahauta bai bar magana ba. Tambayar da za a yi wa kowane baƙon kaya ke nan: ya zo ya koyi harshen gidan ne, ko ya zo ya sa masu gida su yi shiru? A wurin Mamar Kasai jita ce ke bin molo, shi ya sa abin ya yi daɗi. A gidajen biki da yawa kuwa an rataya wa wani kalangu ne don hoto, amon na fitowa daga cikin akwati.

Nan ne nake ganin ɓangarorin biyu sun haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Akwai na'urar da ke kai aikin hannu nesa, akwai wadda ke maye gurbin hannun. Makirfo a bakin algaita bai rage wa mai busa ko numfashi ɗaya ba, illa ya kai shi kunnen na bayan fili. Kiɗan da aka ɗura tun a gida aka zo aka danna kuwa, ba a yi shi a gaban alƙalai ba, don haka ba abin da za su auna. Saurayin nan ya yi gaskiya, mutum ne ya danna. Amma a kokowa ba a ba mutum takobi don ya kawo hoton kayen da ya yi jiya.

Saboda haka, da za a tambaye ni yadda za a tsara gasa a Ƙonni ko Malbaza ko Illela, ga abin da zan ce. A bar lasifika, amma masu shirya gasa su kawo ta, iri ɗaya ga kowa, don kada aljihu ya yi alƙalanci. Duk amon da za a ji, a ga hannun ko bakin da ke fitar da shi a lokacin. A raba aji biyu, na kayan gado zalla da na gauraye, kuma kyautarsu ta zama daidai, domin in ta gado ta zama ta jeka-na-yi-ka, yara za su gane saƙon. A teburin alƙalai a zaunar da sarkin makaɗa ko wani mai kunnen take kusa da malamin kiɗan zamani, a ware maki na musamman ga rukunin da gangarsa ta yi magana aka gane, ko a wane aji yake. A ƙara maki ga duk rukunin da ya zo da yaro mai koyo, ɗan gado ne ko ba ɗan gado ba. Fada kuwa a bar ta da tambarinta, ba wurin gasa ba ce.

Wannan ba zai kashe gardamar ba, kuma ban so ta mutu, don ranar da aka daina musu a kan ganga, ranar ce aka daina damuwa da ita. Abin da ya fi tsaya mini a rai daga daren nan na Ƙonni ma ba hukuncin alƙalai ba ne. Bayan an watse, na ga yaron nan mai kurkutu ya laɓe kusa da piyano yana kallon yatsun mai kaɗa shi. Shi kuma mai kalangun samarin ya bi tsohon mai ganga har bakin mota, ya durƙusa yana tambayarsa wani take da ya ji ya kaɗa, wai na wane gida ne. Tsohon ya ɗan yi jim, kamar ba zai amsa ba. Sannan ya sauke gangar daga kafaɗa, ya sake kaɗa masa shi a hankali, sau biyu.